Ruwan Alwala a Tukwanen Baba Gwadabe

Zuwa ga mai martaba a fadar ƙaya, limamin masu haƙuri, jagoran ma'abota reza da tsakuwa, uban murtsunguwar gabashin Kano, wanda tinya da ƙerana suka yi wa mubaya'a tun daga Kademi har bakin kasuwar Ajingi, marigayi Malam Gwadabe tsohon malamin gona. Daga ƙaramin abokinka Abdulsalam, malamin aji huɗu a makarantar Toranke, wanda yake wannan rubutu, kaɗan saboda baƙin ciki, mafi yawa saboda fushi.

Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai tattara ya koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na 1975, da hantsi, ina tsaye gaban allo sai Ɗanladi mai gyaran keke ya leƙo ta taga ya ce min ka cika, bayan jinyar kwana tara. Aka yi maka sutura a Kademi bayan azahar. Na tsaya a sahu na uku, na yi kukan da ban yi zaton ina da shi ba.

Baba, wanda bai san ka ba ya cancanci bayani. Murtsunguwa shuka ce mai kaurin jiki, ba ganye sai ƙaya, tana ɓoye ruwanta a ciki, kamar tinya da ƙerana da muke gani a jeji, sai dai asalinta daga ƙasashe masu nisa. A 1961 wani Bature mai haƙar rijiyoyi zai koma gida, mutane suka yi ta roƙon kujera da fitila, kai ka roƙi tukwane biyar na ƙaya. Daga nan iri ya riƙa zuwar maka a cikin ambulan ta gidan wayar Gaya. Bubayero makiyayi kuma, duk dawowarsa daga duwatsun kudu, sai ya kwance maka wata baƙuwa daga bakin rawaninsa. Cikin shekara goma sha huɗu ka tara tukwane arba'in da uku a ƙarƙashin rumfar tsakar gidanka, kowace ka san ranar da ta zo.

Mutanen Gaya ba su manta ranar da ka shigo motar Kano da wata sabuwa ba. Ka ɗora tukunyar a kan benci, kai ka tsaya riƙe da ƙarfe har tasha. Direba ya ce, “Malam, yanzu ƙaya ce fasinja?” Ka ce, “Ita baƙuwa ce, ni ɗan gari ne.”

Ranar da na fara shiga gidanka na same ka kana yi wa wata aure. Ka yanke kan wata doguwa mai saurin girma, ka shafto gindin wata 'yar dunƙule mai nawa, kana neman zoben da ke cikin wannan ya hau kan zoben da ke cikin waccan, don ƙarama ta sha daga jijiyar babba. Ni kuwa na buɗe baki na fara bayyana mamakina game da al'ajuban halitta da hikimomin da ke tattare da su. Ba ka ɗago kai ba, ka ce, “Malam Abdu, ajiye Larabcin nan, riƙe min robar.” Na riƙe tsinken robar tayar keke har yatsana ya sage. Sati uku bayan haka auren ya kama, ni ma na kamu. A wurinka na koyi cewa tinya ba ta karɓar auren murtsunguwa komai kamarsu, da cewa ƙasarsu rairayin rafi ce da garin gawayi da fasassun kasko, da cewa dole gindin tukunya ya zama a huje. Abin da ka fi maimaitawa shi ne ruwa: ludayi ɗaya, sati biyu, kuma in kana shakka ka fasa.

An kira ka mahaukaci, an tambaye ka ko ana tuwo da ƙaya. Amma babu wata bazawara ko tsohuwa a Kademi da ba ka dasa wa shingen aguwa a bayan gida ba, don awaki su bar mata kuɓewarta. Ranar da ruwan tinya ya faɗa wa Hanne 'yar Bubayero a ido, kai ka wanke shi da madara, ka goya ta a keke har asibiti cikin tsakar rana. A farin 1973, da rijiyoyi suka ja baya, tulu ɗaya kake ɗauka ka bar wa maƙwabta layinka, domin lambunka gaba ɗaya buta guda ke isarsa.

Yanzu, Baba, ka yi haƙuri da abin da zan sanar da kai, domin wajibi ne a rubuta shi.

Da aka dawo daga maƙabarta, babban ɗanka Yaya Maiwada ya ga rumfa ta yi wa mata masu zaman makoki kaɗan, ya sa aka kwashe tukwanen zuwa ƙofar gida, aka jera su a gindin katanga, daidai inda aka ajiye butoci. Wannan kuskure ne, kuma ina iya yafe shi. Sai ƙaninka Baffa Kabo ya tashi. Mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana cewa ka mai da gidan gado jeji, ranar nan tausayi ya sauko masa gaba ɗaya. Ya dubi ƙasar tukwanen ya ga ta bushe, ya girgiza kai, ya yi shela cewa shayar da shuka sadaka ce, don haka duk mai alwala ya yi a kan tukwanen marigayi, lada ya isa gare shi. Da ya lura ruwan yana zurarewa ta ƙasa, sai ya zauna da kansa, da tsumma da tsinke, ya toshe hujin kowace tukunya ɗaya bayan ɗaya, kada a yi asarar ladan.

Ka san yawan jama'arka. Mutanen Gaya sun zo, na Ajingi sun zo, na Toranke sun zo, tsofaffin abokan aikinka sun cika mota guda daga Kano. Kowa ya wanke hannu sau uku, fuska sau uku, ƙafa har idon sawu, salla biyar a yini, har kwana bakwai. Shukar da ka raina da ludayi aka yi mata ambaliya irin wadda tarihin Kademi bai taɓa gani ba.

Ban yi shiru ba. Ranar sadakar uku na durƙusa gaban Baffa Kabo na ce, “Baffa, don girman Allah, ruwa kashe su yake yi.” Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, “Kai ɗan boko, a ina ka taɓa jin ruwa ya kashe shuka? Yayana ya bar su da ƙishirwa yana raye, ba za mu bar su da ita yana kabari ba.” Dattawan da ke kan tabarma suka ce gaskiya ne. Wani ya ce yaran yanzu har lada suke yi wa mamaci rowa. Na koma makaranta da wannan a wuyana.

Ranar Asabar da ta wuce na dawo. Na taɓa doguwar nan da ka yi wa tsayuwa a mota, yatsana ya nutse a jikinta kamar a ruɓaɓɓen gwanda. Auren da na riƙe maka robarsa ya rabu, kan ya gangaro ƙasa baƙi ƙirin. Na bi layin ina ƙirgawa, ina toshe hanci: arba'in da biyu. Wannan ta'asa ce, aika-aika ce, kisan gilla ne da aka yi da buta cikin kyakkyawar niyya. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne babu wanda ya ƙi ka a cikinsu. Sun so ka har sun cika unguwa, amma a shekara goma sha huɗu babu wanda ya taɓa tsugunnawa minti biyar ya tambaye ka yadda ake yi. Ni ma ina da nawa laifin. Ya kamata in ɗauki tukwanen a ka tun ranar farko, ko da za a ce na yi wa gidan makoki sata, amma kunyar manya ta riƙe ni.

Allah Ya gafarta maka, Baba Gwadabe. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa haƙurin da ka yi da abin da ba ya sauri da mutanen da ba sa saurare ya zama nauyi a mizaninka. Allah Ya saka maka da Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Hansai, da Yaya Maiwada, da Barira da sauran 'ya'ya da jikoki, da Bubayero wanda ya yi rashin aboki, har da Baffa Kabo, wanda na san kukansa na gaskiya ne. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen.

Bayan haka, ya ku iyalan marigayi masu daraja, ina da wata 'yar magana. Saura ɗaya. Wata 'yar dunƙule ce mai farin gashi, girmanta bai wuce ƙwan zabuwa ba, tana cikin fasasshen kasko. An manta da ita a kan rumbu, inda marigayi ya ɗora ta ta sha rana, ranar kwashe-kwashe, shi ya sa ta tsira. Na ji Baffa Kabo ya gano ta, ya sauko da ita gindin randa don ta sha sanyi, ga kuma sadakar arba'in tana matsowa da jama'arta da butocinta. Ba ta ci, ba ta magani, babu magajin da zai nemi a raba ta. Inna Hansai, a ba ni ita. Zan zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da kekena da kwando. Kuma ina roƙo da babbar murya, na san karamcin gidanku: kada wani ya ce zai wanke min ita don za a ba baƙo.