Minti Ɗaya na Inna

Shekara takwas na yi ni kaɗai a wani ƙaramin ofishin aikin gona a Kibiya, iyalina kuma suna Rano. A takarda mu biyar ne. A zahiri ni ne, da kujeru huɗu, da wata kwamfuta da aka kawo mana bayan an ɗauke tafiretar da na saba da ita.

Idan aka yi sa'a aka kawo wuta, sai in kunna ta, ta yi wani ɗan kiɗa na farkawa, sannan hoton wani koren tudu ya bayyana da shuɗin sama a kansa. Ba ta da intanet, iyakar abin da masu ƙera ta suka zuba mata shi ne abin da take da shi. Akwai wurin zane, inda na ɓata wata guda ina ƙoƙarin zana saniya tana fitowa akuya. Akwai wasan tonon nakiya mai fashewa, wanda har yau ban gane kansa ba. Akwai wani ɗan kare da ke fitowa idan kana neman takarda, yana kaɗa jela, ni kuwa haushinsa nake ji, don ban ga dalilin shigo da kare ofis ba. Sai karta iri biyu. Ɗaya kai kaɗai kake yi, ɗayar kuma na'urar ce ke ƙirƙiro maka abokan wasa uku. Ni da ban taɓa riƙe karta a hannu ba, sai ga ni ina yi wa mutanen da babu su tsawa idan sun cinye ni. Kaɗaici ne ya kai ni, ba na ɓoyewa.

Mutum ɗaya ke zuwa wurina, ita ce mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Bafulatana ce, rugarsu tana wajen Kahu. Ni ne ɗanta na fari, don haka kunya ta shiga tsakaninmu tun kafin in yi wayo. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, ba ta yi min magana kai tsaye. Ana yaye ni aka kai ni riƙo wurin kawuna a Rano. Ƙannena kuwa, 'ya'yan aurenta na biyu, tana hira da su, ta yi musu faɗa, ta yi dariya. Kowa ya san al'ada ce, ni ma na sani. Amma na kai shekara arba'in ina son abu ɗaya, in ji Inna ta yi min magana irin ta uwa da ɗa, ko da sau ɗaya ne.

Ranar kasuwa, idan ta gama sayar da nono, sai ta biyo ta ofis, ta ajiye ƙaramar ƙwarya a bakin ƙofa, ta fuskanci bango ta ce, “Ga wannan, a ba masu ofis.” Ranar da ta fara hango kwamfutar ta daɗe tana kallon koren tudun, sannan ta tambayi bangon, “Wannan makiyaya a ina take, ciyawa haka ba ko saniya ɗaya?”

A cikin tarkacen na'urar na gano wani ɗan akwati da ke fitowa a fuskarta, mai ɗaukar murya, da jan maɓalli. Aibinsa ɗaya, minti ɗaya tak yake ɗauka ya tsaya. Na sayo ƙaramin makirfo a Kano, na shirya dabara. Na ce tunda ba za ta yi magana da ni ba, ta yi da na'ura, ta ba ta labarin mahaifina da ya rasu ina goye. Ta ce wa bangon, “To, amma sai masu ofis sun fita.”

Haka muka yi. In danna jan maɓallin, in fita baranda, in dawo bayan ta tafi. Na kunna na farko, sai na ji, “Salamu alaikum. A waali jam? Ina kwana, ina gajiya, ina aiki, yaya ruwa...” Gaisuwa! Na kashe da haushi. Mako na gaba na yi wa bangon bayani ni ma, cewa wannan ƙarfe ne, ba ya buƙatar gaisuwa, minti ɗaya ne kawai. Ta ce, “Ni ban iya faɗa wa kowa magana ban gaishe shi ba. Kuma abin nan ba shi da ladabi, babba na magana yana katse shi.”

Sau tara muka gwada. Duk wanda na kunna, da na ji “ina gajiya” sai in rufe in yi tsaki. Daga ƙarshe na cire makirfon na jefa a aljihun tebur. Ta ci gaba da ajiye ƙwaryarta har damina biyu, sannan ta kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Na tsaya a kanta a maƙabarta ina jin haushinta da kewarta a lokaci guda, kuma ba wanda zan faɗa wa.

Bayan shekara huɗu aka aiko mana da takarda, wai masu wannan tsarin kwamfuta sun daina kula da shi, za a sa sabo. Aka turo wani mai gyara daga Rano, dattijo mai fara'a, wanda maganinsa ga kowace cuta ɗaya ne, ya share komai ya zuba sabo. Ya duba ya ce, “Malam, takardun ofis na kwashe. Ga wasu muryoyi guda tara, na aiki ne?”

Na ce, “Gaisuwa ce kawai, share.”

Aka kira la'asar kafin ya danna, ya ce bari ya yi alwala tukuna. Na zauna ni kaɗai, sai na ce bari in ji ɗaya har ƙarshe, tunda ban taɓa yi ba.

Bayan “yaya ruwa” sai ta sassauta murya. “Yaya tarin nan? Tun daga bakin titi nake jin sa. A rage shan ruwan sanyi.” Na'ura ba ta tari. Ni ne na yi fama da tari a shekarar.

Na kunna na biyu. “Ana cin abinci kuwa? Na ga wuya ya yi tsawo.” Na uku, tana tambayar ko nonon yana isa, ko a ƙaro. A na shida ta yi faɗa a kan takalmin da ya tsinke ana ta ja da shi kamar ba a ɗaukar albashi. Bayan kowace tambaya sai ta dakata kaɗan, daidai tsawon amsa. Ba ta ambaci mahaifina ba ko sau ɗaya. A na tara, gaisuwar gajeriya ce, sai ta ce, “Ranar da aka tafi da yaron nan Rano, kwana uku ban sa komai a bakina ba. Na ce musu zazzaɓi ne. Da daddare kuma sai in...” Minti ya cika.

Mai gyara ya dawo ya tarar da ni yadda ya tarar da ni. Ya zaro wayar haɗi ya kwafe min su duka tara a wayata, ya ce zai jira a waje.

Na mayar da na farko, na jira ta zo wurin da take dakatawa. Ofishin ba kowa, na ce, “Tarin ya tafi, Inna. Ya daɗe da tafiya.”