Iya Maimuna da Sunan da Raihana Ta Kasa Faɗa

Da zarar gari ya waye a Ƙofar Jatau, Hajiya Maimuna, wadda kowa a unguwar ke kira Iya Nas, takan jawo 'yar kujerarta ƙofar ɗaki, ta ɗora tabarau a karan hanci, ta ɗauko waya. Kokonta yana gefe yana hucewa, ita kuwa sai sauraren saƙonnin murya take yi ɗaya bayan ɗaya. Wannan daga Jamus, wancan daga Malesiya, wata daga Ingila tana magana ƙasa-ƙasa don kada abokan aiki su ji. Babu ɗan cikinta ko ɗaya a cikinsu. Yaran birni ne da suka samu tafiya ƙasashen waje sanin makamar aiki, suka je suka tarar aikin bai gagare su ba, zama da masu aikin ne yake neman gagararsu.

Iya ta yi aikin jinya fiye da shekara talatin kafin ta yi ritaya. Tun tana sabuwar ma'aikaciya aka tura ta Ingila horo, kuma har yau in ta tuna watanninta na farko a can sai ta girgiza kai. Babu wanda ya gaya mata cewa sunkuyar da kan da aka rene ta da shi, mutanen can rashin gaskiya suke ɗaukarsa. Ta sha wahalarta ita kaɗai, ta dawo da ƙudurin ba za ta bari ɗan kowa ya tafi ido rufe ba.

Babu wanda ya ɗora mata wannan aiki, babu kuma allo a ƙofar gidanta. Iyaye ne kawai ke cewa, “Kafin ka tafi, ka je ka yi wa Iya sallama.” Yaro zai zo a zatonsa addu'a zai karɓa ya wuce, sai ya tarar da jarrabawa tana jiransa.

Rilwanu, wanda yanzu injiniya ne, har yau yana ba da labarin tasa jarrabawar yana dariya. Wata Laraba ce ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta dube shi ta ce, “Yau Juma'a ko?”

“Haka ne, Iya.”

“Ka ga irinta ko? Ka san Laraba ce sarai, ka ce mini haka ne. To can in babba ya yi kuskure ka ce haka ne, ranar da abin ya ɓaci da kai za a fara. Ɗago kai, kalle ni, ka ce Iya ba haka ba ne.”

Rilwanu ya ce sai da gumi ya jiƙa masa riga kafin maganar ta fito. Ta kuma gargaɗe shi kada ya tare shugabansa da safe yana tambayarsa gajiya da iyali da sanyi, domin bawan Allah zai zaci wani abin ake nema a wurinsa. Ta ce maganar lokacin salla ya faɗe ta tun ranar farko, kada ya riƙa sulalewa kamar marar gaskiya. Amma ba a taɓa jin ta ce wa yaro ya zubar da tarbiyyarsa ba.

Ke ce, Iya, uwar matafiya. Ke ce kika gane cewa yaranmu ba dolaye ba ne, ladabi ne ya ɗaure musu baki, kuma ba ki taɓa yi wa ladabin dariya ba.

Abin da ya sa aka ga ya dace a jinjina mata a bainar jama'a shi ne abin da ya faru da Raihana, 'yar Malam Kabir na Ƙofar Doka, malamin da ke ba da karatun littattafai a zaurensa. Raihana ta karanci gwajin jini, ta samu gurbin horo a wani asibiti a arewacin Ingila. Ta zo wurin Iya kafin ta tafi, ta ci jarrabawar Laraba da Juma'a ba gargada. Abin da babu wanda ya hango shi ne sunan mutumin da za a sa ta a ƙarƙashinsa. Haifaffen can ne, iyayensa mutanen Asiya, kuma sunansa Kabir. Kowa a ɗakin gwajin haka yake kiransa gatsal, daga manya har masu shara. Da Raihana ta ce masa yallaɓai da Turanci, sai ya yi dariya ya ce a nan babu yallaɓai, ta kira sunansa kawai.

Yarinyar da tun da ta buɗe baki ba ta taɓa ambatar sunan mahaifinta ba, ina za ta iya? Sai ta ɓullo da dabara. In tana da magana, sai ta je ta tsaya a bayansa shiru har ya waiwayo. Haka aka yi ta tafiya har ranar da ta hango ya musanya kwalaben jinin majinyata biyu, yana can ƙarshen ɗaki ya ba ta baya. Ta buɗe baki, sunan ya maƙale. Kafin ta zagayo tebura ta isa wurinsa, kwalaben sun shiga na'ura. Allah ya kiyaye ba a ba kowa maganin da ba nasa ba, amma sai da aka sake ɗibar jinin wata tsohuwa wadda da ƙyar ake samun jijiyarta. Mutumin bai ɓoye kuskurensa ba. Sai dai ya gaya mata cewa wanda zai ga ɓarna ya kasa kira daga nesa, ba za a iya barinsa a ɗakin gwaji ba, kuma in abin bai sauya ba zuwa ƙarshen wata, za a mayar da ita gida.

Iya ta saurari saƙon muryar da Raihana ta aiko mata har ƙarshe, da kukan da ke cikinsa, tausayi ya kama ta. Ta san za a iya roƙon mutumin ya yarda da wani laƙabi, amma gobe fa, in aka tambaye ta wane ne ya sa hannu a takarda, ko ta ɗaga waya ana neman sa? Ta ga ɗaurin a gida aka yi shi, don haka a gida za a kwance shi. Ta yafa mayafi, da ciwon gwiwarta da komai, ta tari Keke Napep zuwa Ƙofar Doka.

Ta tarar da Malam a zaure da ɗalibansa magidanta bayan azahar. Suka gaisa, ta zayyana masa komai ba ta rage ba. Malam ya rufe littafin da ke gabansa.

“Iya, jinin marasa lafiya kika ce?”

“Shi fa, Malam. Ni na gaya mata ta faɗa, ba laifi ba ne, amma ba daga bakina take son ji ba.”

“Kira mini ita.”

Aka yi sa'a Raihana tana hutun cin abinci. Fuskarta ta bayyana a waya, idanu sun kumbura. Da ta ga mahaifinta sai ta sunkuyar da kai.

“Raihana, ladabin da zai cutar da marar lafiya ba shi na koya miki ba,” in ji Malam. “Sunan nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Na yafe miki, duniya da lahira. Faɗi in ji.”

“Baba, don Allah…”

“Ina sauraro.”

Ta motsa leɓe, wani abu ya fito da ko Iya da ke riƙe da wayar ba ta ji ba.

“In mutumin yana ƙarshen ɗaki, wannan zai ji? Ɗaga murya.”

Ɗaliban duk suka duƙar da kai, kunya ta kama su kamar su aka ce su faɗa. Raihana ta share hawaye, ta ja numfashi, ta ce da ƙarfi, “Kabir.”

Malam ya kai hannun riga ya goge ido. Sannan ya amsa, “Na'am, 'yata.”

Raihana ta kammala horonta, ta dawo da shaida mai kyau, yanzu tana aiki a nan gida. A gidansu kuwa har gobe Baba take cewa, kuma ko ƙanenta mai sunan Malam ba ta kiransa sai da Abba.

Iya, yanzu idanunki sun fara rauni, gwiwa ta ƙi, 'ya'yanki suna ta fama ki ajiye wayar nan ki huta, kin ƙi ji. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya, ya sa ki gama da duniya lafiya. Ku kuma da kuka je kuka dawo, kun san inda kuka yi tuntuɓe, kada ku bar tsohuwa ita kaɗai da wannan aiki. In kun ji ɗan maƙwabci zai tafi, ku kira shi zaure ku zaunar da shi, ku gaya masa abin da ku ba a gaya muku ba.