Gida Shida na Mushe Arzika

Mushe Arzika ɗan Kornaka ne; Mushe dai haka muke kiran malamin boko. Ya yi shekara ashirin da bakwai yana koyar da Faransanci, goman ƙarshe a wata lise, wato babbar sakandare, mai zaman kanta nan Dakoro. Dogo ne siriri, aljihun rigarsa kullum fari da garin alli. Bai taɓa latti ba, bai taɓa zagin ɗan kowa ba.

Ciwonsa ɗaya ne. Ya je wani horo Yamai, aka koya masa cewa kowane labari a duniya gida shida gare shi: mai nema, abin da yake nema, wanda ya aike shi, wanda zai ci moriya, mai taimako, da mai tare hanya. Daga nan bai sake warkewa ba. Ko ɓatan akuyarka ka ba shi labari, sai ya tsuguna ya zana gida shida a ƙasa. Matarsa Lami ta ce mini ranar da ta haihu, kafin ya tambayi mace ko namiji, sai da ya sa ungozoma a gidanta na mai taimako.

Bara wani ɗan garin nan da ke zaune Yamai ya fitar da littafin ƙagaggen labari. A ciki wani manomi ya shuka gero cikin burtali, makiyayan da ke hawa arewa da damina suka iske hanya a toshe, shanu suka shiga gona, aka zubar da jini. Manoma suka ce an zage su. Makiyaya suka ce su aka zaga. Mushe Arzika kuwa ya ɗauki littafin ya shiga aji da shi, ya zana gida shida a tablo, allon aji, yara suka kwafe suka kai gida.

Bayan kwana uku, da ƙorafi ya yi yawa, dirakta ya kira taron kwamitin iyaye, ya gaya wa Mushe ɓaro-ɓaro: ko a fito da zanen da kowa ya yarda da shi, ko ya nemi wata lakwal ya koyar. Ni ce sakatariya, don cikin iyayen ni kaɗai na yi kolej. A ɗakin nan mu goma sha huɗu ne, kuma daga ni sai Mushe muka karanta littafin.

Elhaji Mamani, shugaban kwamiti, mai gonaki har hanyar Roumbou, shi ya fara.

"Mushe, ɗana ya nuna mini kaye nashi na rubutu. Ka rubuta manomi, mai tare hanya. Ni ke nan ɗan fashi?"

"A'a, ranka ya daɗe. A wannan ilimi babu mugu, babu nagari, aiki ne kawai mutum ke yi cikin labari. Dubi."

Ya goge, ya juya zanen, manomi ya koma mai nema, makiyayi ya faɗa gidan tare hanya. Malam Samba, wanda shanunsa ke kiwo wajen Azagor, ya miƙe.

"To yanzu an yi gyara ke nan? An cire Elhaji an sa ni?"

Ni ma ina da tawa. A littafin akwai wata Maraya mai tallar nono, ita ta ɗora wanda aka sara a amalanke ta kai shi likita, tafiyar yini guda cikin taɓo. Na ce, "Mushe, ina ka sa Maraya?"

Ya nuna gidan mai taimako. Na duba: Maraya, jaki, amalanke.

"Ita da jaki gida ɗaya?"

"Madam Rahinatu, aikinsu ɗaya ne."

"To jakin ne ya yage zanensa ya ɗaure rauni?"

Ya juya yana duba tablo. Babu wanda ya tanka mini, don maza sun riga sun shiga abin da suka fi iyawa, rabon muƙami. Duk wanda ya taɓa ganin an kafa kwamitin rijiya ko na bankin hatsi a garin nan ya san yadda ake yi: kowane ɓangare sai ya samu kujera. Elhaji ya lura gidan mai aike shi ne a sama, ya ce manoma suka dace da shi. Malam Samba ya karɓi na cin moriya. Aka yi ta ciniki har azahar ta kusa. Gida biyar suka samu masu su, saura na tare hanya, kowa ya ƙi.

Sai Elhaji ya yi murmushi. "A rubuta fari. Rashin ruwa ya haɗa su faɗa. Fari ba ya da dangi a garin nan."

Aka yi ta madalla. Dirakta da kansa ya miƙa wa Mushe alli, ya rage murya ya ce, "Kalma ɗaya ce, Arzika. Rubuta mu tafi salla."

Mushe ya karɓi allin ya tsaya gaban tablo. Sannan ya ce, "A littafin, shekarar nan an yi ruwa sosai. Shafi na farko ma da ruwa ya fara."

Dirakta ya ce, "Wa zai duba?"

"Yara."

Ya ajiye allin.

Aka ce a ɗaga hannu. Sha biyu suka ce ya tafi, Elhaji da Malam Samba hannuwansu kafaɗa da kafaɗa, abin da ban taɓa gani ba. Ni kaɗai na ce ya zauna, kuma har yau ina jin haushinsa kan maganar jakin nan. Amma mutumin da ya ƙi yi wa ƴaƴanmu ƙarya, shi muka kora, alhali masu ɗaga hannun ko bangon littafin ba su buɗe ba.

Ni aka sa na rubuta takardar taron. Wajen dalilin sallama na sa: ya ƙi cewa ba a yi ruwa ba. Dukansu suka sa hannu.

Ƙarshen wata ya kwashe littattafansa a buhu biyu, ya koma Kornaka. Yana koyar da ƴan aji shida a wata ƙaramar lakwal, shekara uku kafin ritaya.