Takarda a Hannuna, Gatari a Hannunsa

Shekarun baya can, lokacin da Nasara ke zaune a bariki mu kuma muna samari a Magariya, na yi wani aiki da ya kamata a ce har yau ana kiran sunana a kansa safe da yamma. Ana dai kiran suna. Ba nawa ba ne, na abokina ne, kuma ba zan rubuta shi a nan ba, don kiran da ake yi masa ya ishe shi.

A bakin gari muna da hurumi, filin da tun kakanni aka ware, ba a nomawa, ba a gini. Shanun Fulani ke hutawa a ciki, ga gawo manya-manya, ga sabara da kalgo ko'ina. Da Nasara ya zo sai ya ɗora tasa dokar a kan ta kakanni, ya sa gardin daji. In gardin nan ya kama ka da tsinken sakace daga hurumi, zai tasa ka gaba zuwa biro, wato ofishin Nasara, kamar wanda ya kashe mutum. Mu kuma ba mu da wurin buga balo, wato ƙwallon ƙafa. A kasuwa muke yi in ta watse, har ranar da na yi wani bugu da ya raba wata tsohuwa da tulunta, ta bi ni da zagi tun daga kakana har jikokin da ban haifi uwarsu ba.

Ni a lokacin ina kai-komo a wurin awon gyaɗa. Faransancina na bakin direbobin kamyo ne, manyan motocin ɗaukar kaya, bai fi cikin cokali ba, rabinsa ma zagi ne. Amma ina da ido. Na lura mataimakin kumandan mai mulkin bariki, wani ɗan saurayin Nasara mai jan wuya, yana da wata irin ƙwallo mai tsawo kamar kankanar da aka zauna a kai. Da la'asar yana jefa ta sama ya cafe shi kaɗai, abin tausayi. Tafinta ya gaya mini wai a garinsu rungumarta ake yi a zura da gudu, jama'a su bi mutum su kayar. Na ce ai wannan kokawa ce da kaya a hannu. Na roƙi tafinta ya faɗa masa samarin Magariya ba sa iya cin tuwo don son wasansa, fili kawai muka rasa. Ko ɗaya cikinmu bai taɓa taɓa abin ba.

Mutumin ya yi murna har kunnensa ya yi ja. Ya ce hurumin ya yi, amma sai kumandan ya sa hatimi. Kumandan ya ce sai shugaban masu tsaron daji ya yarda. Shi ya ce sai ardo ya yarda, tunda shanunsa ne ke ciki. Ardo ya aiko cewa ƙasa ta mai gari ce. Mai gari ya ce shi wane ne da zai yi magana kafin Nasara. Da na ga abin zagaye yake kamar jakin da aka ɗaure, sai na je wa kowa na ce masa sauran duk sun yarda, shi kaɗai ake jira. Allah ya yafe mini, amma da ban yi haka ba da har yau muna kasuwa muna fasa tuluna.

Ardo ne ya fi ba ni wuya. Ya tafi da shanu wajen Kwaya, na bi shi a ƙafa. Na sha gaya wa mutane takalmi uku na kashe a tafiyar nan. Gaskiyar magana ɗaya ne, sau uku dai aka ɗinke shi. Na same shi a gindin itace, na ajiye goro, ya bar ni na yi ta zuba har bakina ya bushe. Sannan ya ce sharaɗinsa biyu: kada a taɓa gawo ko ɗaya, don 'ya'yansa ke riƙe masa shanu da rani, kuma burtali ya zauna a buɗe, in shanu sun taho ko sarkin Faransa ke buga balo ya tsaya su wuce. Na ce na ɗauka.

To, ina abokina duk wannan lokaci? Yana gonar ubansa. Tare muka tashi, gidansu na kallon namu. Mutum ne da in ka ce masa gari ya waye zai ce "to", in ka ce bai waye ba zai ce "to". Shi ke tsare mana gida, wato gola, in muna balo, don gudu ba ya cikin tsarinsa. Sau ɗaya tak ya raka ni biro, shi ma a waje ya tsaya yana gadin takalmina.

Bayan wata uku takarda ta fito, da hatimi da sa hannu. Komi, wato magatakardan biro, ya nuna mini inda sunana yake da yatsa. Na sumbaci wurin. Aka sa ranar saran fili.

Ran nan da safe na je na aro farar rigar kawuna, wadda ko shi sai sallah yake sa ta. Mahaifiyata na tankaɗe ta ɗago ta dube ni, ta tambaya ko ɗaurin aure za ni. Na ce sara za mu. Ta ce to in cire rigar mutane in sa ta aiki. Na ce, "Inna, wanda ya kawo takarda ba ya sara, nuni yake yi." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Gari ya taru a bakin hurumi. Ga ardo da sandarsa, ga gardin daji yana ƙirga gawo da ido, ga ɗan Nasara rungume da kankanarsa. Ni ina tsakiya, na buɗe takarda da hannu biyu don kowa ya ga hatimin, ina juyawa da ita gabas da yamma kamar mai tallar zane. Mai gari ya sa aka kawo wani tsohon gatari na mahaifinsa, ya yi bisimilla, ya miƙo mini ƙotar.

"Kai ka sha wahalar nan," in ji shi. "Karɓi ka fara."

Na dubi gatari, na dubi farar riga, na dubi takarda. Aljihun rigar duk ɓarɓashin goro ne, ƙasa kuma ba wurin ajiye hatimin kumandan ba ne. Ga Nasara na kallo, ina so ya san wane ne babba a nan. Na ce, "Ranka ya daɗe, a miƙa wa wannan, ni hannuna da takarda."

Mai gari bai janye hannunsa ba. Ya ce, "Yaro, kai nake ba."

Abokina ya matso ya raɗa mini in karɓa, shi zai riƙe mini takardar. Na dubi hannunsa, kamar an tono rogo. Na ce masa da wannan hannun ko kusa da ita kada ya zo. Tsofaffi suka dubi juna. Mai gari ya juya ya ba abokina gatarin. Abokina ya ce "to", ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga, ya sari wata sabara da ko akuya za ta iya ture ta. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Liman ya ɗaga hannu ya kira sunan abokina, ya ce Allah ya sa albarka a saran wane.

Saran wane.

Abin da ke ci mini rai shi ne na san al'adar nan sarai. A ƙasarmu duk gona, duk rijiya, duk ƙauye, sunan wanda ya fara sara ake kira. Gonarmu ma har yau da sunan kakana ake kiranta, ba don ya fi kowa ba, don shi ya fara ɗaga gatari. Na sani. Na dai ɗauka zamani ya juya, yanzu hatimi ke magana.

Kafin mako ya zagayo, mata masu zuwa rijiya na cewa sun biyo ta filin wane. Mahauta na cewa filin wane. Har gardin daji, mutumin da na yi wa fadanci wata uku, na ji shi da kunnena yana cewa filin wane.

Ban zauna ba. Na sami mai shela na cika shi da goro da daɗin baki, na ce jajibirin wasan farko ya zaga gari ya kira filin da sunana. Ya yi, Allah ya saka masa. Ya tsaya bakin kasuwa ya ce gobe kowa ya hallara a filin, ya faɗi sunana da ƙarfi. Wani ya tambaya ina ne nan kuma. Mai shela ya waiga ko ina kusa, bai gan ni ba don ina bayan rumfa, ya ce, "Filin wane mana." Kowa ya ce af, ai sai ka faɗa.

Na koma biro na kai ƙara wurin komi. Ya ce sunana na nan cikin takarda, ba wanda ya goge shi. Na ce to a fito da ita a karanta wa gari. Ya ce tasu tana cikin akwati, tawa tana hannuna, in na ga dama in bi gida-gida ina karantawa. Ya san ban iya ba.

Ɗan Nasara kuwa sau biyu muka yi masa wasansa. Ya rungumi kankana ya zura, wani ɗan kokawa daga Yekuwa ya ɗaga shi sama ya nuna wa Allah ya buga da ƙasa. Ya tashi yana dariya yana cewa haka ake yi. Ba a jima ba aka mai da shi wani gari, ya tafi da abarsa, muka ci gaba da balonmu. Shi ma da zai tafi, abokina ya miƙa wa hannu. Ni ya ɗaga mini gira.

Damina guda ban yi wa abokina magana ba. In an raba 'yan wasa sai in koma ɓangaren da ba nasa ba, don in zura masa a filin nasa. Mutumin da ba ya gudu, ranar da ni ke bugawa sai ya zama kyanwa. 'Yan mata suka sa sunansa a waƙar gaɗa. Ni da na je Kwaya a ƙafa ko a amshi ban fito ba.

Abokin nawa ne ya gaji ya zo har zaurenmu. Ya ce wallahi bai nema ba, kuma zai gyara. Ya kuwa bi majalisa-majalisa yana cewa a daina kiran sunansa, wahalar tawa ce, ni na kawo takarda. Ka san abin da mutane suka ce? Suka ce ku dubi tawali'u, irin wannan ai shi ya cancanci fili. Gyaran nasa ya ƙara masa suna. Na shiga gida ina huci na gaya wa mahaifiyata duk garin nan azzalumai ne. Ta ce, "Sau biyu aka miƙa maka." Ta tura mini ƙwaryar fura.

Mun shirya daga baya, don mutumin da ba ya mai da magana ba a iya dogon gaba da shi. Mun tsufa tare. Gawon nan na nan, shanu na wucewa, yara na tsayawa da balo a hannu sai sun shige, yadda na yi wa ardo alkawari. Ni na yi alkawarin, a rubuta wannan.

In ka tambaye ni abin da na koya, ba wani mai zurfi ba ne: in babba ya miƙo maka gatari, ka sa takarda a hammata ka karɓa. In ka tambaye ni ko kishin ya wuce, zan ce ya wuce, amma ƙarya nake. Takardar na nan cikin akwatina, hatimin ya koɗe, sunana na nan daram inda komi ya nuna, ba mai karanta shi sai gara.

Da na tashi gina gidana, gari ya riga ya faɗaɗa, wurin da na samu bayan filin ne. Abokina ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Yau duk baƙon da zai zo wurina, in ya tambayi kwatance, nakan fara da masallaci, in bi ta rijiya, in zaga ta wurin masu awo, ina ta kauce-kauce. Baƙo ya ce bai gane ba. Sai in ja numfashi in ce, ka san filin wane? Ya ce ƙwarai. In ce to, bayansa nake.