Wa Ya Yanka Ragon Nowel

Babana bai taɓa yanka ko kaza ba, kuma ba tsoron jini ba ne. Mu Kiristoci ne, Gobirawan Tsibiri, kuma tun da Baba ya yi gida a unguwar Zariya cikin Maraɗi, maƙwabtanmu duk Musulmi ne. Idan Nowel, wato Kirsimeti, ta zo, Malam, limamin ƙaramin masallacin lungunmu, shi ke zuwa da wuƙarsa ya yanka mana rago a ƙofar gida, kowa na gani. Ganin nan shi ne amfanin abin. Da rana kwanonin shinkafa da nama su zaga gidaje, ba mai tambaya, su dawo wankakku.

Wata shekara Nowel ta faɗo daf da zaɓe. A lokacin ne masu neman kujera suka gano cewa mu baƙi ne. Baba da tsagar Gobir daga baki har kunne, wai shi ma baƙo. Samari suka fara cewa limamin da ke yi wa Kirista yanka ba a binsa salla, har wasu suka sauya masallaci.

Safiyar Nowel rago na ɗaure, ruwa na kan murhu, Malam shiru. Inna ta leƙa gidansa, matarsa ta ce ya tafi garkarsa a Jiratawa, bai ce ga lokacin dawowa ba. Na ce wa Baba in yanka kawai mu ci abinmu.

"Mu kaɗai za mu canye rago?" in ji shi. "Tada moto."

Haka muka ɗauki hanya a kan babur ɗin, ni a gaba, Baba a baya, rago a tsakiya yana ta kuka. Mun tarar da Malam cikin zogale yana ban ruwa. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka tambayi sanyi, kamar babu rago a wurin. Can Malam ya ce, "Har nan ka biyo ni, mutumin Tsibiri?"

"Har nan, Malam. Ban da wani mai yanka."

Malam ya duba hagu da dama. Ya zaro wuƙa, ashe tana cikin jakarsa. Ya fuskantar da ragon gabas ya yanka, ya wanke hannu a bakin rijiya.

"Don Allah kak ka hwaɗa ma kowa," ya ce. "Masallacin nan shi ɗai gare ni."

"Ba mai ji," in ji Baba.

Ranar ba a aiki yara ba, ni na ɗauki kwanonin da kaina. Kowane gida tambaya ɗaya ce: wa ya yanka? In ce Musulmi ne. A ce wane? Sai in yi shiru, su kuma su yi godiya su miƙo mini kwanon ko murfi ba a ɗaga ba. Ba wanda ya zage ni. A gidan Malam na tarar da matan unguwa zaune a tsakar gida. Matarsa ta yi mini tambayar, idonta a ƙasa, na ba ta amsar, ta mayar mini da kwanona.

Na ji haushi ranar, har yau ma bai gama fita ba. Baba dai ya dubi kwanonin jere a gindin bango, ya ce Inna ta soya naman, gobe a kai wa dangi Tsibiri.

Zaɓe ya wuce, wanda ya ci ya ci, aka daina tuna cewa mu baƙi ne. Malam bai rasa masallacinsa ba. Da Layya ta zo, cinya guda ta shigo daga gidansa kamar kowace shekara. Inna ta dafa, Baba ya wanke hannu ya ci. Mu a gidanmu ba a tambayar wa ya yanka.