Allon Ustaz a Kasuwar Gadarif

Ana sallame asuba muka tashi daga Ƙala'at an-Nahal a bayan boksi, motar a-kori-kura, ni da Ustaz, tsohon malamina da ya koya mini gyaran kwamfuta a Khartum kafin yaƙi ya watso mu nan. Wani abokina ne ya turo mini hoton wani allo mai murfin gilashi a rumfar mai sayen tsoffin ƙarafa a Gadarif. Ina gani na gane rubutun Ustaz. Allon da ya yi shekaru yana jera tsoffin ƙwaƙwalen kwamfuta a kai ne, wanda muka baro rataye a ajinmu.

An gama yankan riɗi, gonaki sun yi fayau, baƙar ƙasar nan ta tsattsage har ƙafar akuya na iya faɗawa. Muna zaune kan buhunan dawa, kowane rami sai ya ɗaga mu ya dire. A shingen bincike sau uku aka sauke mu. Idon Ustaz ya yi rauni, ni ke riƙe masa hannu, amma bakinsa bai huta ba. Ya mayar da bayan motar aji.

Ya ce ta farko a jerin ita ce 4004, mai ƙafafun ƙarfe goma sha shida, bit huɗu kacal, wato ƙwayoyin bayani huɗu, take ɗauka a lokaci guda, kamar mai cin tuwon asida da yatsa ɗaya. Da aka yi mai ɗaukar takwas sai aka ninka lambar, aka ce 8008. Daga nan 8080. Wasu injiniyoyi suka bar kamfanin da ya yi su, suka ƙera tasu mai jin yaren 8080, suka sa mata Z80. Wata tsohuwa mai kaji biyu a cinya ta tambaye ni ko lambobin waya yake karantowa. Ustaz ya yi dariya, ya ƙara mata da cewa 8086 da 8088 ciki ɗaya ne, ƙofar ta biyun ce ta fi ƙunci. Ta ce Allah ya sawwaƙe.

Mun shiga Gadarif da hantsi. Garin ya cika maƙil da 'yan gudun hijira irinmu, har makarantu an rataya tabarmi a tagogi, mutane na kwana ciki. Muka ci waken ful da man riɗi a tsaye, muka sha gahawar jabana wajen wata mata da ta ce a Madani ma'aikaciyar jinya ce. Ustaz ko rabin kofinsa bai sha ba.

Rumfar na bayan layin maƙera. Allon na jingine tsakanin matacciyar fanka da injin firiji, gilashin ya fashe. Takardun sunayen duk suna nan, amma saman yawancinsu ramuka ne kawai.

“Malesh, yi haƙuri ya Ustaz,” in ji mai rumfar. “A buhu aka kawo mini. Masu farin jiki da ruwan zinariya a ƙafa, maƙerin zinariya ya kwashe, ya narkar tun makon jiya. Baƙaƙen roban nan ne ba mai so.”

Uku suka rage: Z80, 6502 da 8088. Ustaz ya durƙusa yana bin ramukan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a na farko, ramin 4004. Mai rumfar ya ce mu ɗauka kyauta.

“Bar masa, ɗana,” Ustaz ya ce mini. “Wa zan nuna wa?”

Muka juyo hannu wofi. Tafiyar komawa ta fi tsawo, rana ta doke mu. Da la'asar muka iso. Matar Ustaz ta taryo mu a bakin zaure, ta ce, “An samo?” Ya ce mata ba nasa ba ne, kama ce kawai, ya wuce ciki.

Tun da muka zo garin nan nake cewa zaman jira muke yi, kayanmu na can Khartum, za mu koma mu ɗora daga inda muka tsaya. Wannan tafiya ta nuna mini ba abin da ke jiranmu. Washegari na je wajen kawuna, na ce ya yankar mini gona ta damina mai zuwa.