Tagogin Madam Léonie

Roquebrade, ƙauyenmu, a maƙale yake a jikin tsauni, rafi na bi ta ƙasansa. Kakanninmu sun ce a da mutum ɗari takwas ne a nan, har da masaƙa da kasuwar tumaki. Yaƙi ya kwashe wasu, birni ya kwashe sauran. Yanzu mu talatin da 'yan kai ne, kuma ni mai shekara sittin da biyu ni ne matashin gari.

A nan aka haifi Madam Léonie Cayrol, a nan ta yi aure, a nan ta binne mijinta. Duk mai ƙaura ita yake bar wa makullin gidansa, har suka cika mata kwando. Ga tsiwa, ga taurin kai, amma ina ƙaunarta.

Wata rana Firmin, mai kawo mana burodi a mota, ya ce ya gaji da hawo tsauni yana danna wa kufai oda. Ko'ina tagogin katako a rufe kamar maƙabarta. In haka ta ɗore, zai riƙa tsayawa a Lavaysse, ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu. Mu kuwa da 'yan Lavaysse ba ma ga maciji, tun kan ƙararrawar cocin da kakanninsu suka ara ba su dawo da ita ba. A ce can za mu je sayen burodi? Gara yunwa.

A wajenmu taga a buɗe na nufin akwai rai a gida. Léonie ta ɗauki kwandonta. Kullum da safe sai ta bi gida gida tana buɗe tagogi, ta hura murhu don hayaƙi ya tashi, ta jera tukwanen furanni a ƙofa. Har shanya take yi. Ranar da ta shanya wandon marigayi mijinta a gidan wata bazawara da ta yi tafiya, mako aka yi ana gulma, alhali kowa ya san wanda ya shanya.

Firmin ba wawa ba ne, ya san cinikinsa bai ƙaru ba. Amma ya ci gaba da zuwa, ina jin kunyarta yake ji.

Da bazara wata mota ta zaga ƙauyen a hankali, mata da miji da yara huɗu a ciki. Léonie na gaban coci, sai fankama take yi. Suka ɗaga mata hannu suka wuce.

Daga baya Firmin ya zo da labari: mutanen sun sayi gida a Lavaysse, har an fasa rufe makarantar can saboda yaransu.

"Nan suka fi so, Madam," in ji shi. "Sun ce sun duba, ba su ga gida ko ɗaya da ba kowa ba."

Garin neman gira an rasa ido. Léonie ta karɓi burodinta ta nufi gida, ni kuwa tausayinta ya kama ni. Sai da ta kai ƙofar gidanta ta juyo ta kira ni.

"Gobe ka zo ka taya ni rufe tagogin nan. Amma banda waɗanda ake hangowa daga Lavaysse."